Shanyewar ɓarin jiki ta same ni a Ingila: labarin hannuna da na'urar maganaɗisu

Assalamu alaikum. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa daga cikin mutanena ba. Waɗanda suka san ni za su gane ni, waɗanda ba su san ni ba kuwa labarin ya ishe su.

A cikin birnin Zariya aka haife ni, ni ce 'yar fari a ɗakinmu. A hannun kakata ta wajen uwa na tashi, ita kuwa makitsiya ce, don haka tun ina ƙarama nake miƙa mata tsinke da man kitso, kafin in gama firamare kuwa na iya shuku da kalaba. Bayan sakandare na yi makarantar koyon aikin lafiya, na samu aiki a wani ƙaramin asibiti, ina awon ciki da allurar rigakafi. Na yi aure, Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Maigidana malamin makaranta ne. Albashinmu biyu ba ya kai mu ƙarshen wata, kitson da nake yi Asabar da Lahadi shi ke cike giɓin. Hawan jini kuwa gadonsa na yi, da shi mahaifina ya rasu, nawa kuma an gano shi ne lokacin da nake da cikin autana, tun daga nan nake shan magani.

A watan Fabrairu na 2022 Ingila ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin kula da tsofaffi. Muka sayar da ɗan filin da muke da shi, muka haɗa da bashi, kafin shekarar ta fita mun sauka a wani gari a arewacin ƙasar, ni da maigida da yara. A lokacin ana barin mai irin wannan biza ya taho da iyalinsa, sai a watan Maris na 2024 aka toshe wannan hanya. Aikin sa'a 12 ne, wani lokaci dare, wani lokaci rana: ka ɗaga tsoho, ka yi masa wanka, ka ba shi abinci a baki, ka juya shi kada gadonsa ya ci masa baya. Da yawa daga cikin waɗanda nake kula da su shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da su. An koya mana alamominta har mun haddace: fuska ta karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, to a kira 999 ba tare da jinkiri ba.

Ranar da abin ya same ni, lokacin hunturu ne. Na dawo daga aikin dare na kwanta, na farka don sallar azahar. Na ɗauki buta, sai ta suɓuce. Na sunkuya in ɗauka, hannun dama ya ƙi rufewa a kanta. Ƙafar dama kuma tana jan ƙasa. Na kira babbar 'yata, Allah ya sa ana hutun makaranta, na ji harshena ya yi nauyi. Ta kalli fuskata ta ce, "Umma, bakinki ya karkace." Ni da na haddace alamomin, ita ce ta kira motar asibiti, ni kuwa ina zaune a ƙasa ina ta ƙoƙarin ce mata ta bari in yi salla tukuna.

An ɗauki hoton ƙwaƙwalwata. Likitar ta nuna min wani ɗan ɗigo can ciki ta ɓangaren hagu, ta ce wata 'yar ƙaramar jijiyar jini ce ta toshe, irin waɗanda hawan jini ke lalatawa a hankali, kuma irin wannan ya fi yawa a tsakaninmu baƙar fata. Ɗigon ƙarami ne, amma wurin da ya faɗa ne matsalar: nan ne jijiyoyin da ke ɗauke da saƙon motsi daga saman ƙwaƙwalwa suke haɗuwa a ƙuntataccen wuri kafin su gangara. A ƙasan ƙwaƙwalwa mafi yawansu suke tsallakawa ɗaya ɓarin su shiga laka, shi ya sa ciwon yana hagu amma dama ce ta shanye. Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, wadda a bisa ƙa'ida ake yi cikin sa'a 4 da rabi da farawar abin. Ni kuwa ina barci ya fara, ba wanda ya san lokacin, don haka ba a yi min ita ba.

Hankalina bai taɓu ba. Maganata ta dawo cikin 'yan makonni. Ƙafa ma ta dawo, da sanda da farko, daga baya ba sanda. Hannu ne ya tsaya. Ina iya ɗaga shi, ina iya damƙe abu mai kauri, amma yatsu kowanne ya yi aikinsa daban, wannan ya gagara.

Mahaifiyata ta kira daga Zariya. Ba ta kiran sunana, sai ta ce, "'Yar nan, ko dai kin zubar da ruwan zafi ba bisimilla?" Na ce, "Inna, jini ne ya toshe." Ta ce, "To me ya toshe shi?" Ban ja da ita ba. Ta aiko da rubutu da man zaitun da habbatus sauda ta hannun wani matafiyi, na sha, na shafa, na kuma ci gaba da maganin asibiti. Ban taɓa jin ɗaya ya hana ɗaya ba.

Abin da ya fi hana ni barci a lokacin ba hannun ba ne, bizar ce. Irin tamu a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki. Idan aikin ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba ka ka samu wani, ko ka tattara ka bar ƙasa, kai da duk wanda ya zo a ƙarƙashinka. Kuɗin rashin lafiya da doka ta ce a biya ma'aikaci ba ya wuce mako 28, kuma ba shi da yawa, tallafin gwamnati kuwa an rubuta a jikin bizar cewa ba mu da rabo a ciki. Maigida ya ƙara aikin dare a gidan ajiye kaya. 'Yata ta karɓi girki. Ni ina kwance ina lissafi: filin ya tafi, bashin yana nan, kuma zaman mutum biyar a ƙasar nan ya rataya a hannun da ba ya iya ɓalle maɓalli.

Akwai abu biyu da ban iya faɗa wa kowa ba a watannin nan. Na farko cin abinci da hagu. Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai san nauyin wannan ba. Na san lalura ce, wani malami ma ya tabbatar min babu laifi a kaina, amma sanin hukunci daban, abin da zuciya ke ji daban. Idan an yi baƙi sai in ce na ƙoshi, in jira su tafi. Idan zan miƙa wa babba abu, sai in tallafe hannun dama da na hagu in miƙa, ko in sa yaro ya miƙa.

Na biyu gajiya. Ba irin gajiyar da na sani ba ce, ni da na yi aikin sa'a 12 a tsaye. Wannan, wanka kawai zan yi in fito in ji an zare min komai. Ba barci nake ji ba, ba ciwo ba ne, kawai ɗaga cokali sai ya zama aiki. Mutane kuwa idan sun zo dubiya suna ganina zaune fes, ina magana, sai su ce, "Ai kin warke, alhamdulillahi, saura ki daure." Wata 'yar uwar maigida ta faɗa a waya, ba ta san ina ji ba, wai son jiki ne ya haɗu da zaman Turai. Shi kansa maigida bai taɓa furtawa ba, amma idan ya dawo da asuba ya tarar da kwanukan jiya, ina ganin abin a fuskarsa. Har ni kaina na fara zargin kaina da ragwanci.

A hankali hagu ta koyi komai, dama kuwa na ajiye ta a cinya. Mai yi min gashin ƙashi da atisaye a asibiti ta lura. Ta ce wannan sananne ne: idan hannu ya yi ta ba mutum kunya, sai ya daina neman sa, ƙwaƙwalwa kuma ta saba da rashinsa, har ƙarfin da ya rage masa ma ya tafi a banza. Na ji ta, amma a raina na riga na yi wa hannun ta'aziyya. Ita ce kuma, bayan na wuce wata shida, ta miƙo min wata takarda. Wata jami'a da ke kusa da mu tana neman waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki, za a auna yadda saƙon motsi ke fita daga ƙwaƙwalwarsu zuwa hannu, kafin su motsa jiki da bayan sun motsa, ta hanyar amfani da maganaɗisu.

Maigida ya karanta ya ajiye. Ya ce, "Maman yara, maganaɗisu a ka? Kan da da ƙyar Allah ya bar mana shi?" Ya tuna min abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada wani magani a kan yara, maganar da ta kai har kotu. Ban ga laifinsa ba, duk wanda ya tashi a Arewa da wannan labarin ya tashi. Na yi istihara. Na sake karanta takardar a nutse, abin da ya ja hankalina shi ne an rubuta ɓaro-ɓaro cewa wannan ba magani ba ne, ba za su yi min alkawarin sauƙi ba, kuma ina iya fita duk lokacin da na ga dama ba sai na faɗi dalili ba. Wanda zai cuce ka ba ya fara da ce maka ba abin da za ka samu. Na ce masa, "Abban yara, ka bar ni in je in gani, in ban yarda da su ba zan dawo." Ya ce to, amma da shi za a je.

Kafin a taɓa ni sai da aka yi min tambayoyi masu yawa. Ko na taɓa yin farfaɗiya, ko akwai mai yi a danginmu, ko akwai ƙarfe a kaina, ko an dasa min na'urar bugun zuciya ko ta ji a kunne, ko ina da ciki, waɗanne magunguna nake sha. Babban abin da ake tsoro shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya, duk da cewa da wuya ƙwarai take faruwa a irin wannan awo. Wadda za ta yi aikin wata yarinya ce mai karatun digiri na uku, ta kuma shirya mata zalla a ɗakin saboda in cire hijabi. Fil ɗin hijabi da 'yan kunne duk sai da na ajiye. Sai ta kalli kaina ta yi shiru, da alama tana neman yadda za ta faɗa ba ta ɓata min rai ba. Kitso ne a kaina, manya, 'yata ta yi min. Ta yi bayani cewa ƙarfin maganaɗisun yana raguwa da sauri da zarar an ɗan matsa daga fatar kai, kitso mai kauri kuwa yana ɗaga na'urar sama. Na yi dariya na ce ai sai a tsefe. Aka sa wata ranar, na zo da kai a tsefe an kwantar da shi.

Na'urar kanta wani akwati ne da igiya mai kauri, a ƙarshen igiyar akwai abin da ake ɗorawa a ka, mai siffar lamba 8, a cikinsa murɗaɗɗiyar wayar tagulla ce. TMS suke kiranta a taƙaice, wato tayar da ƙwaƙwalwa da maganaɗisu ta saman ƙoƙon kai. Ni mai tambaya ce, ita kuma mai son a tambaye ta, don haka na koyi abubuwa da yawa a kujerar nan. Akwatin yana sako wuta mai ƙarfi cikin wayar a ɗan lokacin da bai kai kashi 1 cikin 1000 na sakan ba. Wutar ta haifar da maganaɗisu mai ƙarfin da ya yi kusa da na babbar na'urar hoton ƙwaƙwalwa, shi kuma ya ratsa ƙoƙon kai ba tare da ya ji wa fata ciwo ba, ya tayar da 'yar wuta a saman ƙwaƙwalwa, jijiyoyin wurin su harba saƙo. Asalin ilimin na wani masanin kimiyya ɗan Ingila ne, Michael Faraday, tun 1831. A 1980 wasu masana a Landan sun nuna ana iya motsa hannun mutum ta hanyar sa masa lantarki kai tsaye a fatar kai, amma yana da zafi sosai. Sai a 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a garin Shefild, nan arewacin Ingila, suka fito da ta maganaɗisu wadda ba ta da wannan zafin.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganaɗisun ba ya kaiwa inda ciwona yake. Iyakarsa santimita 2 zuwa 3 daga fata, ciwona kuwa yana can ciki. Abin da ake yi shi ne a tayar da saƙon daga sama, sannan a je hannu a jira a ga ko ya iso. In ya iso, to ya ratsa ta wurin da ya lalace ke nan.

Yarinyar ta manna min wasu 'yan faifai a tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, da waya zuwa kwamfuta. Ta ba ni abin toshe kunne. Da hannun lafiya aka fara, wato aka ɗora na'urar a ɓarin dama na kaina. Na ji ƙas, aka ɗan ƙwanƙwasa min kai, fatar goshina ta motsa. Ta matsa kaɗan, ƙas. Ta sake matsawa, ƙas, sai manuniyata ta hagu ta yi tsalle ita kaɗai. Wallahi sai da na ce a'uzubillahi. Ban sa ta ba, ban yi niyya ba, ga ta tana motsi. A allon kwamfuta kuwa layin da ke miƙe ya yi sama ya yi ƙasa ya koma. Ta nuna min tazarar da ke tsakanin ƙarar da tsallen layin, ta ce kimanin kashi 20 cikin 1000 na sakan ke nan, lokacin da saƙo ke ɗauka daga ka zuwa yatsa.

Sai aka koma ɓarin hagu na kai, aka mayar da faifan hannun dama. Ƙas, layi a miƙe. Ta ƙara ƙarfi. Ƙas, a miƙe. Ta matsa, ta ƙara, ta matsa. Ɗakin ya yi tsit in ban da ƙarar nan, ni kuwa na kawar da kai daga allon, don na riga na san amsar a raina. Maigida yana waje a zaune, ina tunanin yadda zan faɗa masa. Sai na ji ta ce wa abokiyar aikinta ta riƙe nan, kada ta motsa. Ƙas. Ta ce min in duba. Wani ɗan tudu ne a kan layin, ƙarami, ya kuma makara idan aka kwatanta da na hagu. Ta sake, ya sake fitowa. Yatsan bai motsa yadda ido zai gani ba, amma tsokar ta amsa.

Na yi kuka a wurin, kuka sosai, har sai da aka dakata. Ta kawo min ruwa, sannan ta faɗa min gaskiya: ita ba likitata ba ce, kuma wannan ɗan tudu ba ya nufin zan koma yadda nake. Abin da yake nufi kawai shi ne hanyar ba ta yanke ba. Ta ce a birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan an tsara wata hanya da ake amfani da irin wannan awo a makon farko bayan shanyewar jiki, ga waɗanda hannunsu ya yi rauni sosai, don a yi hasashen inda hannun zai kai, kuma waɗanda aka samu amsa a tsokarsu sun fi samun dama. Ni dai abin da na ji shi ne: hannun da na yi wa ta'aziyya yana jin kira.

Daga nan aka shiga ainihin aikin, wanda yake da cin rai, don ba zan ɓoye ba. Sai an nemo mafi ƙarancin ƙarfin da ke sa tsoka ta amsa sau 5 cikin 10, shi ne ma'aunin kowane mutum, nawa na ɓarin ciwo ya fi na ɓarin lafiya nisa. Sannan a yi ta bugawa ana tarawa, duk bayan 'yan sakanni. Akwai kuma wani salo da ake buga biyu a jere, na farko mai rauni, na biyu mai ƙarfi, tsakaninsu kashi 2 ko 3 cikin 1000 na sakan, kunne ma ɗaya yake ji. Abin mamaki, amsar sai ta fi ƙanƙanta a kan in an buga mai ƙarfin shi kaɗai. Ta ce bugun farko yana tayar da wasu ƙananan jijiyoyi ne da aikinsu hanawa, masu aiki da wani sinadari da ake kira GABA. Birkin ƙwaƙwalwa ke nan. Ba a tuƙi ba birki, amma kafin ƙwaƙwalwa ta koyi sabon motsi sai ta ɗan sassauta shi.

Bayan an gama awon farko sai a ɗora ni a keken motsa jiki, irin mai kujera da majingina, a ɗaura min abin auna bugun zuciya, a duba hawan jinina, in yi ta tuƙawa minti 20, da ƙarfin da zan yi haki amma in iya magana. Ina sauka a mayar da ni kujera da sauri a sake awon, a jira, a sake. Wata ranar kuma ba keke, zama kawai zan yi na minti 20 a auna, don a samu abin kwatantawa. Na tambaye ta, da ƙafa nake tuƙi, me ya kawo hannu? Ta ce ai nan gizo ke saƙa. A 2014 masu bincike a Kanada da Ostireliya sun auna matasa masu lafiya bayan tuƙin keke na minti 20 zuwa 30, suka ga wannan hanawar ta ragu a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da hannu, hannun da bai yi aikin komai ba. Shi ya sa ake tunanin motsa jiki yana buɗe wani ɗan lokaci da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar koyo. A wajen masu shanyewar jiki kuwa sakamakon da aka samu ya sha bamban, wasu sun gani, wasu ba su gani ba, dalilin da ya sa ake ta neman irinmu ke nan.

Na so ƙwarai ta ce min, ga shi, naki ya canza bayan keke. Ba ta taɓa faɗa ba. Ta nuna min dalili da idona: bugu goma a jere, ƙarfi ɗaya, wuri ɗaya, amma kowanne da tsayinsa. Ta ce in ɗan matse yatsa kaɗan, tudun ya yi tsalle ya ninka. Ta ce in saki, in yi tunanin motsa shi kawai, nan ma yakan ƙaru. Barcin da mutum ya yi, shayi ko kofin da ya sha, maganin da yake sha, lokacin da aka yi awon, duk suna taɓa shi, shi ya sa kullum lokaci ɗaya suke kirana. Mutum ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, sai an tara mutane da yawa. A lokacin na ji haushi. Yanzu kuwa wannan ne ya sa nake ganin girmansu. Ina ganin masu tallar awarwaron maganaɗisu da katifar maganaɗisu a Facebook da TikTok, suna rantsuwa cewa yana tayar da shanyayye, har ana turo min daga gida. Mutanen da ke da na'urar gaske, wadda na ga ta motsa min yatsa, ba su yarda sun yi min alkawarin komai ba.

Maganar gajiya kuwa a kan keken nan ta taso. Wata rana na sauka jikina na rawa, na ce mata ta yi haƙuri, ni raguwa ce. Ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce tun 1993 aka nuna a Amurka, da irin wannan na'ura, cewa idan mutum ya yi aiki da tsoka har ta gaji, amsar da ake samu daga ƙwaƙwalwa takan faɗi ƙasa ta jima ba ta dawo ba. Wato gajiya ba a tsoka kaɗai take ba, har da mai aiko da saƙon. Ta ƙara da cewa a 2015 wasu masu bincike a Landan sun auna waɗanda suka yi shanyewar jiki, suka ga waɗanda suka fi kukan gajiya su ne ɓangaren motsi na ƙwaƙwalwarsu ya fi wuyar tayarwa. Na ce ta maimaita wannan a gaban maigidana. Aka kira shi bayan na sa hijabi, ta maimaita. Bai ce komai ba har muka hau bas. Muna zaune ya ce, "Maman yara, ki yafe min." Na ce, "Me ka yi?" Ya ce, "Kin sani." Daga ranar bai sake kallon kwanuka irin wancan kallon ba, kuma shi ya kira 'yar uwarsa, ban san me ya gaya mata ba, amma ta kira ta gaishe ni da jiki.

Shawarar da na yanke tawa ce, ba su suka ba ni ba. Na tambayi mai yi min gashi ko akwai illa in riƙa tafiya da sauri kafin in zauna atisayen hannu. Ta ce muddin hawan jinina yana daidai, tafiyar ma kanta kariya ce daga sake faruwar abin, in kuma ta taimaki hannun, riba biyu. Sai na mayar da shi ƙa'ida: in zaga unguwa har in yi gumi, in dawo in zauna da faranti, in tsinci wake ɗaya-ɗaya da dama, in ja carbi, in ɓalle maɓalli in mayar, in juya makulli. Ranar da gajiya ta yi yawa in huta ba tare da na zagi kaina ba. 'Yata ta ba ni kanta in gwada kitso. Na farkon da na yi, kakata da ta gani da ta kore ni daga gidan, amma yarinyar nan ta sa hijabinta ta tafi makaranta da shi har mako ya zagayo. Ba zan ce keke ko tafiya ne suka dawo min da abin da ya dawo ba. Abin da na tabbata shi ne na daina ajiye hannun a cinya, kuma ɗan tudun nan ne ya sa na daina.

Da na ba Inna labari, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ikon Allah. To 'yar nan, ki dai ci gaba da shan rubutun." Na ce to.

Wajen aiki sun mayar da ni rana, sun ɗauke min ɗaga mutane, yanzu ni ke zama da tsofaffi ina sa su wasannin motsa hannu, ina kuma cike takardu a kwamfuta. Bizar ta tsira. Bashin saura kaɗan. Ina cin shinkafa da dama, da cokali mai kaurin mariƙi, tuwo ne har yanzu yankan loma ke ba ni wahala. Idan sanyi ya yi yawa yatsun sukan ƙage, kuma bayan la'asar ba na ɗaukar wani aiki mai nauyi, gidan duk sun san haka. Allurar da na yi shekaru ina yi wa yara a Zariya, wannan hannun ba zai sake yin ta ba, na kuma daina jiran hakan.

Da aka gama da ni, yarinyar mai binciken ta ce baƙar fata kaɗan ne ke zuwa irin wannan bincike, alhali mu ciwon ya fi kamawa da ƙuruciya, ko na san wasu. Na yi maganar a taron mata na masallacinmu. Wasu suka ce Allah ya kiyaye, wata ta ce ita ba za ta tsefe kanta don Bature ba. Bayan an watse wata baiwar Allah 'yar Gana ta ja ni gefe, da Hausarta ta Kumasi, ta ce mijinta shekara guda ke nan da nasa, kullum hannunsa na cikin aljihu, ko 'ya'yansa ba ya bari su gani. Ta ce, "Yaya, in aka buga ba a ga komai ba fa?" Na ce mata hakan na iya faruwa, akwai waɗanda ba a samu, kuma gara su san da wannan tun kafin su je. Na ba ta takardar da lambar wayata. Ta kira ni sau ɗaya ta yi tambaya a kan farfaɗiya, don ƙanensa yana yi, na ce wannan su za ta faɗa wa, su ne za su ce ya dace ko bai dace ba. Har yanzu suna shawara.